Daji Ya Hana

Muna idar da sallar asuba muka bar Tudun Ƙirya, gari da sauran duhu, raɓa ta kwanta a kan ciyawa tana jiƙa mana ƙafafu har gwiwa. Mu huɗu ne. Baba Tunau na gaba, shi ne shugabanmu, da tsohuwar bindigarsa adaka a kafaɗa da ƙahon albarushi rataye a wuya. Bayansa Korau, wanda duk yankinmu babu mai saitin hannu kamarsa, kuma ya fi kowa sanin haka. Sai Cindo, taubashina, da bakansa da kwari cike da kibau masu dafi, yana jan karnuka. Ni ne Nomau. Ba na ɗaukar bindiga, mashi ne da ni da barandami, aikina kuwa bin sawu.

Wata tsohuwar ɓauna muka fito nema. Ta ware daga garke tun tsakiyar damina, ta mai da fadamar shinkafar garinmu gonar ubanta. Ta tattake ta mutane da dama, ta kuma bi wani manomi har sai da ya wuni a kan kanya yana ihu. Mai gari ya aiko wa Baba Tunau cewa in ba za mu iya ba a gaya masa, ya nemo maharban wani gari. Saƙon ya yi mana ciwo ƙwarai, don akwai gaskiya a cikinsa.

Ƙungiyar tamu sabuwa ce. Da can kowannenmu da ubangidansa, kowa da irin koyon da ya yi. Da manyan suka ƙare, wasu suka mutu, wasu suka ajiye baka suka kama noma, sai Baba Tunau ya tattara mu 'yan ragowa. Farkon haɗuwarmu kowa na jin kunyar kowa, nama ma sai an yi ta tura wa juna. Ba a jima ba kunya ta ƙare, aka shiga rigima a kan wanda zai tsaya ina da wanda zai fara harbi. Baba ya sha wahalarmu kafin ya yanka wa kowa aikinsa, muka zauna a kai. Abu ɗaya ne ya gagare shi.

A wurin maharban ƙasarmu ba a furta kalmar kuskure a cikin daji. Tsofaffi sun ce in ka faɗe ta bindigarka za ta ji, daga ranar kuwa ta daina cin nama. Saboda haka in mutum ya harba abin bai faɗi ba, sai ya hura bakin bindiga ya ce, "Daji ya hana." Harsashi ya bi ta sama, daji ya hana. Ya goge kunne, daji ya hana. Ya shige ciki naman ya gudu da shi, nan ma daji ya hana. Kowa ya tsira da mutuncinsa, ban da mai bin sawu.

Ni nake shiga gaba bayan an yi harbi. Naman da ba a taɓa ba gudu yake yi ya yi nisa, sai a bi shi da sauri kada sawu ya huce. Wanda ya ɗauki harsashi kuwa, musamman ɓauna, ba ya nisa. Zagayowa yake yi ya laɓe a gefen sawunsa yana jiran mai biyowa. Jini ba kullum yake zuba ba, fatar ɓauna takan rufe ramin. Abin da zai gaya mini irin naman da nake bi shi ne bakin wanda ya yi harbin. Raina ke nan a hannun mutanen da suka gaji maganar da ba ta gaya mini komai.

A watan da ya wuce wani gadu ya farke cikin Kyalla, karyar da Cindo ya fi so, saboda an ce daji ya hana alhali gadun na ɗauke da harsashi a cinya. Ranar Baba Tunau ya zaunar da mu a gindin marke, ya ce daga yau duk wanda ya harba ya faɗi inda harsashinsa ya tafi, da sunansa.

Korau ya ce, "Baba, ubana bai faɗa ba, kakana bai faɗa ba. Ba a bakina za a fara ji ba."

Cindo, wanda karyarsa ce ta mutu, shi ma sai ya sunkuyar da kai ya ce shi dai yana tsoron kalmar. Na ji kamar in kai masa mari. A haka muka tashi, kuma a haka muka fito wannan safiya, maganar na nan a tsakaninmu ba a gama ta ba.

Gari ya waye mana a bakin fadama. Ga ɓarnar da ta yi a daren, shinkafa ta kwanta yashe-yashe, kofato ya nutse cikin laka ruwa na taruwa a ramin. Na durƙusa na sa yatsa. Gefen ramin bai riga ya zube ba, kashinta kuwa da ɗumi a ciki. Ta haura tudu ta nufi gabas, tafiyar ƙasaita take yi, tana tsayawa tana yagar gamba. Muka bi ta cikin kargo da taura, muka ratsa wata ƙorama da ruwanta ya kai ƙugu, sanyinsa har cikin ƙashi. Baba ya ɗaga adakarsa sama da kai, Korau ma haka.

"Nomau," in ji Cindo daga baya, "ka tabbata ba saniyar Fulani kake kai mu ba? Bara haka ka bi jakin mai gari har gida."

"Rufe mana baki. Kai da kibiyarka ba ta taɓa samun komai ba sai kuka, ita ma don ba ta gudu."

Baba ya juyo ya dube mu sau ɗaya, muka yi tsit. Fakaru suka tashi fir daga gefen hanya, karnuka suka zabura, Cindo ya ja igiya. Rana ta fara ɗagawa, raɓa ta soma bushewa, ƙudan tsando suka same mu suna cizon wuya.

Kukan carki ne ya fara gaya mana tana kusa, tsuntsayen nan masu jan baki da suke cin kaska a bayan ɓauna. Baba ya ciro toka daga burgaminsa ya saki kaɗan, iska ta kwaso ta ta dawo da ita fuskarmu. Alhamdu lillahi, warinmu ba zai kai mata ba. Muka rarrafa da ciki har bayan wani suri, na leƙa. Tana tsaye a cikin wani tabki mai laka, baƙa ƙirin, ƙahonin sun haɗe a goshi sun zama kamar turmi a kife. Kunnenta ɗaya a yage yake. Na sha ganin ɓauna, amma ban taɓa ganin irin wannan ba.

Kowa ya kama wurinsa yadda aka saba. Baba ya tsaya a bayan surin, Korau ya zame dama ya laɓe a gindin maɗaci, Cindo ya rungume bakunan karnuka. Baba ya yi fito siriri. Bindigogin biyu suka tashi kusan tare, ƙarar ta cika daji, hayaƙi ya rufe komai. Ta cikin hayaƙin na ji fantsamar laka da karyewar itace, sai ƙasa tana girgiza tana yin nisa. Da hayaƙin ya washe, babu ɓauna.

Baba Tunau ya miƙe tsaye. Bai hura bakin bindiga ba. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Na kuskure. Harsashina ya bi ta sama da doronta, ga shi can ya ɓare ɓawon marke."

Cindo ya saki kare ɗaya ya damƙe layar wuyansa yana motsa leɓe. Ni da nake ta neman a faɗi kalmar nan, da na ji ta a fili cikin daji sai na waiga baya kamar wani zai amsa. Baba ko a jikinsa. Ya juya wajen maɗaci.

"Korau, kai fa?"

Korau ya fito yana hura bakin bindiga. Bai dubi kowa ba. "Daji ya hana."

"Na ji. Ina harsashin ya tafi?"

"Baba, na ce daji ya hana. Kai ka faɗi taka, ka ga abin da za ta jawo maka. Ni ka bar ni da tawa."

Na shiga tabkin na duba. Babu jini a laka, babu a ciyawa, babu a ganyen da ta goga ta wuce. Sawun gudu ne sosai, ƙafafu huɗu suna cin ƙasa daidai, babu wadda take ja. Na dawo na faɗi abin da na gani. Baba ya jima yana duban Korau, Korau yana ɗura albarushi yana danna shi da sanda kamar ba da shi ake ba. Daga ƙarshe Baba ya ce tunda babu jini kuma babu wanda ya ce ya samu, sai mu bi ta da sauri kafin ta ƙetare babban kogi, in ta ƙetare mun rasa ta, mun kuma rasa bakin magana a gaban mai gari. Ya ɗura tasa bindigar. Na shiga gaba, raina a ɓace, tsoro kuma fal cikina.

Sawun ya kai mu cikin gamba wadda ta fi mutum tsawo. A irin wurin nan ba ka ganin komai sai hanyar da naman ya buɗe, ciyawa ta kwanta hagu da dama, ganyenta na yankar fuska. Ina sassarfa, ina karanta ƙasa, gumi na shiga idona. Can na lura da abin da bai yi mini daɗi ba. Korau, wanda kullum a baya yake tafiya yana rera kirarinsa a hanci, yau ya wuce Baba ya manne mini har yana taka dugadugaina. Ina jin numfashinsa a ƙeyata. Kunamar bindigarsa kuwa a ɗane take.

Na rage tafiya, na ce masa ƙasa-ƙasa, "Yaya Korau, don girman Allah, ina ka sa mata?"

"Na riga na gaya maka. Bi sawunka."

"Ina da 'ya'ya, Yaya."

Na san dalilin da zai sa ya ƙi gaya mini, ko da yake a lokacin zato kawai nake yi. Kirarin Korau cewa yake ba ya harbi sai a wuya, ba ya kuma maimaitawa. Harbin ciki na 'yan koyo ne, a wurin mutum irinsa ya fi kuskurewa gaba ɗaya muni. Amma zato ba ya tsayar da ƙungiya a tsakiyar daji, kuma ba ni da ɗigon jini ko ɗaya da zan nuna.

Gamba ta ƙare, muka fito kan wani fako mai jan marmara, inda kofato ba ya barin komai sai ɗan ƙarzar dutse nan da can. Nan na rasa abin da zai gaya mini ko ta rage gudu. Na bi ƙarzar a duƙe har ta kai ni bakin wata sarƙaƙiya, ƙaya da kurangar daji sun haɗe sun yi duhu, sai wata kafa guda da ta kutsa ta shiga. Karnuka suka ƙi gaba, suka sa wutsiya a tsakanin ƙafafu suna gurnani. Wani wari ya bugi hancina, mai tsami, amma na ce wa kaina lakar tabki ce da ta kwaso a jikinta. Carki ko ɗaya bai yi kuka ba. Na gyara riƙon mashi, na sunkuya, na sa kai cikin kafar.

"Nomau, tsaya!"

Muryar Korau ce, amma ta tsage kamar ba tasa ba.

"Kuskure na yi! Wuya na nufa ta motsa, a ciki na same ta. Tana nan kusa, fito!"

Na ja da baya ban ko juya ba. Ƙafata ba ta gama fita ba sarƙaƙiyar ta fashe, ba daga gaba ba, daga hagu, daidai inda haƙarƙarina zai kasance da na ƙara shiga. Na yi tsalle na faɗi a kan marmara na mirgina, iskarta ta wuce ta kaina da warin tumbi. Ta rasa ni, sai ta ga Baba Tunau tsaye a fili. Baba bai gudu ba. Ya kafa ƙafa, ya ɗora bindiga a kafaɗa, ya bar ta ta matso sosai, ya ja kunama. Na ji ƙas. Bindigar ba ta tashi ba.

Ta ɗauke shi a cinya ta watsar, ya faɗi can gefe kamar buhu, adakar ta yi nata wuri. Ta juya za ta durƙusa masa da gwiwa, wanda shi ne yadda ɓauna take gama mutum. Korau na ta zagaye da bindiga a kafaɗa, ya kasa harbi don Baba na ƙarƙashin wuyanta.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin mun yi irinsa ba. Cindo ya saki karnuka suka cafke mata hanci da gindi, ya ɗana kibiya ya saki, ya yi ihu, "Na samu kafaɗa, amma ba ta shiga sosai ba, kada ku jira dafi!" Korau ya ce, "Ba ni da wuya, ku juyo mini da ita dama!" Na tashi da barandami na bi ta baya na sare agarar ƙafarta, na ji ƙarfen ya goce a ƙashi, na ce, "Ban yanke ba, rabi ne, za ta juyo kaina!" Ta kuwa juyo, ta bar Baba, idonta ja wur a kaina, ta buɗe wa Korau gefen wuyanta. Bindigarsa ta tashi. Ta durƙusa, ta yi wani dogon nishi mai kama da kukan sa, ta kife a kan marmara.

Babu wanda ya yi kirari. Muka ruga wurin Baba. Ƙahon ya buɗe cinyar daga gwiwa har kusa da ƙugu, jini na bulbulowa, ƙashin kuma ya karye. Korau ya yage rigarsa, na kwance igiyar kare muka ɗaure saman raunin tamau, Cindo ya tauna ganyen da ya sani ya cusa. Korau ya kasa ƙulla igiyar, sai da na karɓa.

Baba ya buɗe ido. Leɓensa sun yi fari. "Nomau yana nan?"

"Ga ni, Baba."

"Wa ya tsayar da kai?"

"Yaya Korau ne."

"Da bakinsa? Da sunanta ya faɗa?"

"Da sunanta, Baba."

Ya lumshe ido ya ce madalla. Cindo kuwa kuka ya ɓarke masa. "Madalla da me, Baba? Ba ga shi ba! Ka faɗi kalmar, bindigarka ta ji, ta ƙi tashi. Abin da ake gaya mana ke nan tun muna yara."

Na ce, "Ta Yaya Korau ma ai ta ji, ga ɓauna nan kwance."

Baba ya ce a ɗauko bindigar a duba, wataƙila ruwan ƙorama ne ya taɓa albarushin, kuma a gaya masa gaskiyar abin da aka gani. Na ɗauko ta da addu'a a bakina Allah ya sa a jiƙe yake. Na zazzage shi a tafin hannuna. A bushe yake ƙarau, kunamar lafiya lau, babu abin da ya toshe. Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so. Amma a ranar, bayan abin da ya biya, ba ni da fuskar yi.

"A bushe yake, Baba."

Baba ya ce, "To, ban san dalili ba. Ku ɗauke ni."

Kafin mu tashi na koma na leƙa cikin sarƙaƙiyar, don zuciyata ba za ta bar ni ba. Ta shiga ta kafar, ta yi 'yar tafiya, ta zagayo ta kwanta a gefen hanyarta da fuskarta wajen mai shigowa. Makwancin ya jiƙe da ruwan tumbi, koren ƙuda sun rufe shi. Sawun gwiwata na nan a ƙasa, tsakaninsa da wurin da ta kwanta bai kai tsawon mashina ba. Na fito na koma wurin Baba.

Muka sare rassan marke muka ɗaure da ɓawo, muka shimfiɗa gamba, muka ɗora Baba. Wutsiyar ɓaunar kawai muka yanka don shaida, naman muka bar wa mutanen gari su zo su kwasa. Korau ya kama gaba shi kaɗai, ni da Cindo muna karɓa-karɓa a baya. Sau da yawa na ce ya kawo in karɓe shi, ya ƙi. Itacen ya saɓule masa fatar kafaɗa, jini na bin bayansa. Cindo na tafe yana cewa shi ba zai ƙara shiga daji da masu faɗin kalmar nan ba. Na ce ni kuma ba zan ƙara shiga gaban wanda ba zai faɗe ta ba. Baba yana jinmu ko ba ya ji, Allah masani, kansa na ta lilo a kan ciyawa.

La'asar sakaliya muka iso bakin gari. Masu aiki a fadama sun hango wutsiyar a hannun Cindo, sun ruga da labari, har an fito da ganga. Makaɗi ya fara ɗauko kirarin Korau, sai ya ga abin da muke ɗauke da shi, ya bar gangar ta yi shiru. Muka sauke Baba a inuwar ɗorawa, aka ruga kiran maɗori. Mai gari ya ratso mutane ya tsaya a kansa, ya dubi cinyar, ya dube mu.

"Inna lillahi. Yaya aka yi haka, ku huɗu ƙwarara?"

Cindo ya share hanci ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ai daji ne ya..."

"Ba daji ba ne," in ji Korau.

Ya sauke bindigarsa ya kwantar da ita a ƙasa, ya durƙusa a gaban mai gari, a gaban makaɗin kirarinsa da matansa da duk mutanen da suka saba jin cewa ba ya maimaita harbi.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Na harbe ta a ciki, na sani, na yi shiru."